MARIGAYI SAM COOKE (1931–1964): MAWAƘIN DA YA NEMI MALLAKAR MURYARSA

Gabatarwa

Dukkanmu mun san karin maganar nan da ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan ana neman sana'ar da wannan magana ta dace da ita, da wuya a sami wadda ta kai sana'ar waƙa a ƙasar Amurka a tsakiyar ƙarni na 20. A wancan zamani baƙar fata ne zai tsara waƙa, ya rera ta, ya sha wahalar yawo da ita gari-gari, amma idan kuɗi suka shigo sai su zarce aljihun mai kamfanin buga faifai, wanda galibi farar fata ne. Mawaƙa da yawa da duniya ta san sunayensu sun tsufa ba su da ko gidan kansu.

A wannan fitowa mun zaɓi mu kawo wa masu karatu tarihin wani mutum da ya gane wannan lamari tun yana saurayi, ya kuma ƙudura cewa ba zai zama kura ba. Sunansa Sam Cooke, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin kiɗan da ake kira sol. Shekara 33 kacal ya yi a duniya. A cikin wannan ɗan lokaci ya tashi daga waƙar coci zuwa kan gaba a kasuwar waƙoƙin Amurka, ya kafa kamfanoni nasa na kansa, ya ƙi yarda da wulaƙancin wariyar launin fata, sannan ya bar waƙar da ta zama tamkar take ga masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. Za mu kuma ga yadda ƙarshensa ya zo, da abin da ya sami dukiyar da ya yi ta ƙoƙarin karewa.

Asalinsa da tashinsa

An haifi Samuel Cook ranar 22 ga Janairu, 1931, a garin Clarksdale da ke jihar Misisifi a kudancin Amurka. Shi ne na 5 a cikin 'ya'ya 8 na Rabaran Charles Cook, mai wa'azi a coci, da matarsa Annie Mae. Yankin nasu yankin noman auduga ne, inda kakanninsu suka yi bauta, inda kuma bayan an hana bautar aka kafa dokokin da suka raba fari da baƙi a makaranta, a asibiti, a jirgin ƙasa, har a famfon shan ruwa. Baƙar fata zai noma gonar mai ƙasa shekara guda cur, a ƙarshen kaka a yi lissafi a ce masa shi ake bi bashi.

Saboda haka a 1933 iyalin suka tattara suka nufi birnin Cikago. Ba su kaɗai ba ne, domin tsakanin shekarun 1910 da 1970 baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 suka bar Kudu suka kwarara biranen Arewa da Yamma neman aiki da sakewa. Mafi yawan waɗanda suka sauka Cikago sun taru ne a unguwar Bronzeville da ke kudancin birnin, inda mutanen gari ɗaya kan nemi juna, su taru a coci ɗaya, su riƙa sama wa sabon zuwa ɗaki da aiki. A wannan unguwa Sam ya yi wayo.

Mahaifinsa mutum ne mai tsanani, wanda ya tarbiyyantar da 'ya'yansa a kan kada su yarda kowa ya raina su, kuma duk aikin da suka kama su yi shi da kyau. Shi ne ya haɗa yaran suka zama ƙungiyar mawaƙa mai suna Singing Children, suna rera waƙa kafin ya fara wa'azi. Sam yana da kimanin shekara 6 ya fara. Ya yi karatun sakandare a makarantar Wendell Phillips, wadda shahararren mawaƙin nan Nat King Cole ma ya ratsa ta. Kafin ya gama makaranta ya riga ya zama jagoran wata ƙungiyar samari masu waƙar coci mai suna Highway QC's. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Zamansa da Soul Stirrers

A wancan lokaci babu ƙungiyar waƙar coci da ta kai Soul Stirrers suna a tsakanin baƙaƙen fata. Asalinta daga jihar Teksas take, jagoranta kuwa R. H. Harris ne, mutumin da duk wani yaro mai sha'awar waƙa yake kwaikwayo. Da Harris ya bar ƙungiyar a 1950 sai aka kira Sam, yana ɗan shekara 19, ya maye gurbinsa. Da farko dattawan coci ba su yi na'am da shi ba, suna ganin yaro ne aka sa wa rigar da ta fi ƙarfinsa. Shi kuwa bai tsaya kwaikwayon Harris ba. Muryarsa mai taushi ce, yana fitar da kowace kalma sarai, yana kuma da wata 'yar lanƙwasa da yakan yi a ƙarshen jimla, wadda daga baya ta zama shaidar da ake gane shi da ita.

A 1951 suka shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Specialty a Los Anjalis, inda waƙarsu Jesus Gave Me Water ta yi kasuwa fiye da yadda ake tsammani. Shekara 6 ya yi yana zagaya Amurka da wannan ƙungiya, suna cunkushe a mota ɗaya, suna waƙa a coci-coci da ɗakunan taron makarantu. Wani sabon abu ya bayyana a tarurrukan nasu: 'yan mata da samari da ba su saba zuwa sauraron waƙar coci ba suka riƙa cika kujerun gaba don su ga Sam.

Wannan yawo shi ne makarantarsa ta gaskiya. A nan ya koyi yadda ake riƙe taro, da yadda ake tsara waƙa mai ɗauke da labari a cikin minti 2 ko 3. A nan kuma ya ga yadda masu shirya taro kan gudu da kuɗin ƙofa, da yadda faifai zai yi ta fita kasuwa amma abin da ke isowa hannun mawaƙi bai taka kara ya karya ba.

Tsallakawa zuwa waƙar duniya

A tsakiyar shekarun 1950 kiɗan rok-an-rol ya mamaye Amurka. Mawaƙa baƙaƙen fata irin su Little Richard, Chuck Berry da Fats Domino suka fara sayar da faifai ga matasan fararen fata, Ray Charles kuma ya fara ɗaukar salon coci yana sa masa kalmomin soyayya. Bumps Blackwell, wanda ya shirya wa Little Richard waƙoƙinsa a kamfanin Specialty, ya ga cewa muryar Sam za ta iya shiga wannan kasuwa. Matsalar ita ce a wajen mutanen coci, barin waƙar Ubangiji zuwa waƙar duniya babban abin kunya ne, kuma wanda ya fita da wuya a sake karɓarsa. Don haka aka fara gwadawa a ɓoye: aka fitar da waƙar Lovable da sunan Dale Cook. Dabarar ba ta yi aiki ba, domin duk wanda ya ji muryar ya san mai ita. Mahaifinsa dai bai hana shi ba.

A 1957 mai kamfanin Specialty, Art Rupe, ya shigo ɗakin ɗaukar murya ya tarar ana yi wa Sam amshi da muryoyin fararen fata a wani salo mai sanyi da bai yi masa ba. Aka yi cacar baki, ya sallami Sam da Blackwell, ya bar musu waƙoƙin da aka ɗauka. Suka kai su wani ƙaramin kamfani mai suna Keen. A cikinsu akwai You Send Me, wadda ta fito a ƙarshen wannan shekara ta hau matsayi na 1 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa na mujallar Billboard, ta kuma sayar da fiye da faifai miliyan 1. A lokacin ne ya ƙara harafi ɗaya a ƙarshen sunansa ya koma Cooke. Akwai wani abu da ya kamata mu lura da shi a nan: ko da yake shi ya tsara waƙar, sai ya sa sunan ƙanensa L. C. a matsayin marubucinta, don kada tsohon kamfaninsa ya yi iƙirarin mallakarta. Tun daga waƙarsa ta farko da ta yi fice, hankalinsa yana kan takarda.

Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A 1958 ya yi wasa a Copacabana, babban gidan rawa na masu hannu da shuni a birnin Niyok, bai burge su ba, abin ya tsaya masa a rai. A watan Nuwamba na wannan shekara ya yi mummunan hatsarin mota a jihar Arkansas, direbansa ya rasu, abokinsa mawaƙi Lou Rawls ya yi kwanaki bai san inda yake ba. A 1960 ya koma babban kamfanin RCA Victor, waƙoƙinsa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna samun karɓuwa: Chain Gang a 1960, Cupid a 1961, Twistin' the Night Away da Bring It On Home to Me a 1962. Wannan haɗi na zafin waƙar coci da kalmomin rayuwar yau da kullum shi ne abin da aka zo aka sa wa suna sol.

Gina nasa na kansa

Don mu fahimci abin da Sam ya yi, sai mun san yadda kuɗi ke tafiya a wannan sana'a. Kowace waƙa tana da haƙƙi iri 2. Akwai haƙƙin waƙar kanta, wato kalmomi da karin da aka tsara, wanda ake biya duk lokacin da aka sa ta a rediyo ko wani ya sake rera ta. Akwai kuma haƙƙin ainihin muryar da aka ɗauka, wadda daga gare ta ake buga faifai. Mawaƙin da bai riƙe ko ɗaya ba, abin da yake samu ɗan kaso ne daga ciniki, shi ma sai an cire kuɗin ɗaukar murya da na makaɗa. Da yawa sun sayar da waƙoƙinsu baki ɗaya a kan 'yan daloli ko sabuwar mota, alhali waƙoƙin sun ci gaba da haihuwa shekara da shekaru.

Sam ya sami abokin tafiya a nan, wato J. W. Alexander, tsohon mawaƙin coci wanda ya girme shi, ya kuma san sirrin kasuwar. Tare suka riƙe kamfanin kula da haƙƙin waƙoƙi mai suna Kags Music, ta yadda duk waƙar da Sam ya tsara haƙƙinta na dawowa gida. A 1959 suka kafa kamfanin buga faifai mai suna SAR, tare da Roy Crain na ƙungiyar Soul Stirrers. Sunan ya fito ne daga haruffan farko na Sam, Alex da Roy. A wancan zamani samun mawaƙi baƙar fata, yana kan ganiyarsa, ya mallaki kamfanin haƙƙin waƙa da na faifai, abu ne da ba a saba gani ba.

Abin da ya yi da kamfanin ya nuna halinsa. Waɗanda ya fara ɗauka su ne Soul Stirrers, tsofaffin abokansa, bayan kamfanin Specialty ya rabu da su. Ya ɗauki Johnnie Taylor, wanda ya taɓa maye gurbinsa a ƙungiyar. Ya ɗauki wasu samari 5 'yan gida ɗaya daga birnin Cleveland, 'ya'yan gidan Womack, ya sauya musu suna zuwa Valentinos. Ya ba Billy Preston dama tun yana ɗan saurayi. Shi da kansa yakan zauna a ɗakin ɗaukar murya yana koya musu yadda za su furta kalmomi, yana tsara musu waƙoƙi.

Amfanin wannan tsari ya fito fili a 1964, lokacin da ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila ta sake rera waƙar Valentinos mai suna It's All Over Now, wadda ta zama waƙarsu ta farko da ta hau matsayi na 1 a ƙasarsu. Bobby Womack, wanda yana cikin waɗanda suka tsara ta, ya fusata da farko, yana ganin an ƙwace musu waƙa. Da kuɗin haƙƙin suka fara shigowa sai ya gane abin da maigidansa ya hango.

Wariya a kan hanya

Duk wannan ɗaukaka ba ta hana shi ɗanɗana wulaƙanci ba. Idan ya shiga jihohin Kudu, fararen fata za su sayi tikiti su yi masa tafi, amma da an tashi ba zai iya kwana a otal ɗin da suke kwana ba, ba zai ci abinci a inda suke ci ba. A ɗakunan taro kuwa akan ware baƙaƙen fata a bene ko a gefe, wani lokaci a gitta igiya a tsakiya. Waƙar Chain Gang ma daga wannan hanya ta samo asali, domin a wata tafiya ne ya ga fursunoni suna aikin titi a cikin rana ƙarƙashin masu gadi, ya tsaya ya yi musu alheri, hoton ya zauna masa a zuciya.

Sam mutum ne mai yawan karatu. Duk inda za shi da littafi a hannunsa, musamman na tarihi da rubuce-rubucen James Baldwin. Yana cikin mawaƙan farko da suka daina miƙar da gashin kansu da sinadari don ya yi kama da na Turawa, ya bar nasa yadda aka halicce shi. A 1961, a birnin Memphis, da ya sami labarin cewa za a ware baƙaƙen fata a ɗakin taro na Ellis, sai ya ƙi yin wasan, duk da asarar kuɗi da barazanar da hakan ya jawo masa.

Amma kuma yana cikin tsaka mai wuya. Kasuwarsa ta dogara ne da fararen fata da baƙaƙe duka, kamfaninsa kuma yana son ya ci gaba da zama mai sanyin murya wanda ba ya tsorata kowa. A watan Janairu na 1963 aka ɗauki wasansa kai tsaye a wani gidan rawa na baƙaƙen fata a Miyami mai suna Harlem Square. Da shugabannin RCA suka ji yadda ya saki murya a cikin mutanensa, da zafi da gumi irin na coci, sai suka ɓoye faifan. Bai fito ba sai a 1985, bayan shekara 22, kuma a yau ana lissafa shi cikin mafiya kyawun wasannin da aka taɓa ɗauka.

Shekarar 1963 da waƙar sauyi

Shekarar 1963 ta zo masa da nauyi. A watan Yuni ɗansa Vincent, mai wata 18, ya faɗa kwamin wanka na gidansu a Los Anjalis ya rasu. Wannan rashi ya girgiza shi, ya sa tsami tsakaninsa da matarsa Barbara, ya kuma ƙara masa shan giya. A ƙasar ma hankali ba a kwance yake ba. A watan ne aka harbe ɗan gwagwarmaya Medgar Evers a Misisifi, jiharsa ta haihuwa. A watan Agusta mutane kimanin 250,000 suka yi gangami a Washinton inda Dakta Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa. A watan Satumba aka dasa bam a wata coci a Birmingham, 'yan mata 4 suka mutu.

A wannan lokaci ne ya ji waƙar Bob Dylan mai suna Blowin' in the Wind, wadda ke tambayoyi a kan zalunci da yaƙi. Waƙar ta burge shi har ya riƙa rera ta a wasanninsa, amma ta sa shi jin kunya, ganin cewa wani saurayi farar fata ne ya faɗi abin da shi, mai abin a jikinsa, bai faɗa ba saboda tsoron rasa kasuwa.

Ranar 8 ga Oktoba, 1963, ya isa garin Shreveport a jihar Luwiziyana, inda ya riga ya kama ɗaki ta waya a otal ɗin Holiday Inn. Da ma'aikacin ya ga fuskokinsu sai ya ce babu ɗaki. Sam ya ƙi tafiya, ya yi ta faɗa yana neman manaja, matarsa da ɗan'uwansa suna ba shi haƙuri don sun san abin da kan sami baƙar fata mai ɗaga murya a wannan yanki. Da ƙyar suka ja shi, suka tafi suna danna ham. Suna isa masaukin baƙaƙen fata suka tarar da 'yan sanda suna jiransu, aka kama shi da mutanensa bisa zargin ta da hankalin jama'a. Labarin ya fito har a jaridar New York Times.

Bayan 'yan watanni ya tsara A Change Is Gonna Come, aka ɗauke ta ranar 30 ga Janairu, 1964, a Holiwud. René Hall ne ya shirya mata kiɗa da goge masu yawa da ƙaho da manyan ganguna, abin da ya ba ta nauyi irin na zaman makoki. Babu zagi a cikinta, babu kiran sunan kowa. Mutum ne guda yake ba da labarin gajiyarsa da kora da rashin mataimaki, yana tsoron mutuwa, amma bai fid da rai da cewa al'amura za su sauya ba. Ranar 7 ga Fabrairu ya rera ta a shirin talabijin na Tonight Show. Kwana 2 bayan haka ƙungiyar Beatles ta bayyana a shirin Ed Sullivan, hankalin ƙasar gaba ɗaya ya koma can.

Shekararsa ta ƙarshe da rasuwarsa

Ranar 25 ga Fabrairu, 1964, yana bakin fage a Miyami lokacin da abokinsa Cassius Clay ya doke Sonny Liston ya zama zakaran damben duniya. Clay ya kira shi ya hau fagen a gaban 'yan jarida. A daren suka zauna a wani masaukin baƙaƙen fata tare da Malcolm X da ɗan wasan ƙwallo Jim Brown. Bayan 'yan kwanaki duniya ta san Clay da sabon sunansa, Muhammad Ali. A watan Yuli Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haramta wariya a otal-otal da gidajen abinci. A watan ne kuma Sam ya koma Copacabana, inda ya kunyata shekara 6 da suka wuce, ya yi nasarar da ta wanke masa zuciya.

Ba za mu ɓoye ba cewa marigayin yana da nasa rauni, musamman a sha'anin mata da shaye-shaye, kuma ta wannan ƙofa ajali ya shigo. A daren 10 ga Disamba, 1964, ya fita cin abinci a Los Anjalis, ya haɗu da wata mata, suka ƙare a wani ƙaramin masauki mai arha mai suna Hacienda. Da asubahin 11 ga wata aka same shi a mace a ofishin matar da ke kula da masaukin, da harbin bindiga a ƙirji. Matar da suka zo tare ta shaida cewa tilasta mata ya yi, ta sami sarari ta gudu da tufafinsa. Mai kula da masaukin ta ce ya fasa ƙofa ya auka mata yana neman waccan, ita kuma ta harbe shi don kare kanta. Masu binciken musabbabin mutuwa suka karɓi wannan bayani cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, suka yanke cewa kisan kare kai ne.

Danginsa da abokansa da yawa ba su taɓa gamsuwa ba. Sun yi nuni da kuɗin da yake ɗauke da su da suka ɓace, da raunukan da aka gani a jikinsa, da gaggawar da aka yi wajen rufe maganar. Duk da haka hukuncin bai sauya ba. Aka yi masa taron jana'iza 2, ɗaya a Cikago inda dubban mutane suka yi layi cikin tsananin sanyi, ɗaya a Los Anjalis inda Ray Charles ya rera waƙa. Aka binne shi a maƙabartar Forest Lawn da ke Glendale.

Kwana 3 bayan rasuwarsa, ranar 14 ga Disamba, Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar da cewa babu mai otal da ke da ikon korar baƙo saboda launin fatarsa. Ranar 22 ga wata kuma aka fitar da waƙarsa ta sauyi a ƙaramin faifai, bayan an yanke baitin da ya fi fitowa fili a kan wariya don gidajen rediyo su yarda su sa ta.

Abin da ya biyo baya

Saura maganar dukiya, wadda da ita muka fara. A 1963 Sam ya ɗauki wani akanta mai suna Allen Klein, wanda ya binciki littattafan RCA ya ƙwato masa kuɗin da aka danne. Klein ya shirya sabuwar yarjejeniya, aka kafa kamfani mai suna Tracey, sunan 'yar Sam, wanda zai mallaki muryoyin da za a ɗauka, RCA kuwa ta riƙa rarrabawa na tsawon shekara 30. A ido wannan ita ce cikar burinsa. Amma a takarda Klein ne ya zama mai kamfanin. Sam ya rasu bai bar wasiyya ba, kamfanin SAR ya tsaya, matarsa ta sake aure cikin 'yan watanni, daga baya kuma ta sayar wa Klein sauran haƙƙoƙin. Ta haka babban ɓangare na waƙoƙinsa ya koma hannun kamfanin Klein mai suna ABKCO. Mutumin da ya yi shekaru yana gargaɗin 'yan'uwansa mawaƙa a kan takarda, shi ma takarda ce ta raba zuriyarsa da abin da ya tara.

Duk da haka hanyar da ya share ba ta toshe ba. Curtis Mayfield a Cikago ya riƙe haƙƙin waƙoƙinsa ya kafa kamfaninsa, Otis Redding ma ya bi wannan sahu, Marvin Gaye da Stevie Wonder kuma suka yi ja-in-ja da kamfanin Motown a farkon shekarun 1970 har suka sami ikon faɗin abin da ke ransu a kan yaƙi da talauci. Otis Redding ya sake rera waƙar sauyi a 1965, Aretha Franklin a 1967, masu zanga-zanga kuma suka riƙe ta. A 1986 yana cikin rukunin farko da aka shigar zauren tunawa da gwarzayen rok-an-rol. A daren da Barack Obama ya ci zaɓe a 2008 ya yi ishara da wannan waƙa a jawabinsa, a Cikago, birnin da Sam ya tashi.

Mu da muka karanta tarihinsa, abin da ya fi tsaya mana shi ne cewa baiwa kaɗai ba ta tsare wa mutum guminsa. Sai ya san yadda kasuwar sana'arsa ke tafiya, ya ja na bayansa kamar yadda Sam ya ja Soul Stirrers da 'ya'yan gidan Womack, sannan ya san abin da ke rubuce a duk takardar da zai sa wa hannu, ko da amininsa ne ya miƙo ta.

A watan Yuni na 2019, shekara 55 da 'yan watanni bayan daren da aka kore shi daga otal, magajin garin Shreveport, Adrian Perkins, wanda shi ma baƙar fata ne, ya fito a bainar jama'a ya nemi gafarar iyalin Sam Cooke a madadin birnin, ya kuma miƙa musu mabuɗin gari na girmamawa da sunan marigayin.